Mun Je Maraɗi Neman Harafin A

Tun da na dawo daga Jibiya ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona, ko takarda ya kawo a buga masa ko waya ya kawo caji, sai ya tsaya ya ce, "Malam Sabo, wai da gaske har Nijar ka leƙa?" 'Yan majalisarmu kuma sun ƙara wa miyar gishiri, suna yaɗa cewa na je koyar da kwamfuta aka koyo mini. Abin haushin shi ne ba ƙarya suka yi ba. Don haka gara in zauna in faɗa da bakina sau ɗaya, kafin labarin ya yi ƙafafu ya fi ƙarfina.

Ga wanda bai san ni ba, ni Bahaɗeje ne mazaunin Kano, sana'ata buga takardu, shekara goma sha biyu ina kanta. Wata ƙungiya mai taimakon tsofaffin sojojin da ba su da muhalli ce ta nemi wanda zai je Jibiya ya koya wa wasu dattawa kwamfuta na sati uku. Wani abokina ya ba da sunana, ya ce musu babu abin da ban sani ba a kwamfuta. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Daga Kano zuwa Katsina babu labari, barci na yi. Daga Katsina zuwa Jibiya ne na gane tafiya ba a nisa take ba. Mu bakwai aka cusa a ƙaramar mota, ni da wani mai sayar da goro muka raba kujerar gaba, jakata a kan cinya. Direban ya ce, "Kusa ne, Malam, yanzu za mu isa." Bai faɗa mini yawan shingayen da ke hanya ba. A kowane shinge sai a dubi jakata a ce in buɗe, in buɗe a ga wayoyin lantarki sun cukurkuɗe kamar taliya, in yi bayani, a ce Allah ya taimaka, in rufe. Kafin mu kai Daddara na haddace bayanin, har mai goro ya fara taya ni. A Daddara kuma direba ya ajiye mu a gindin wata bishiya ya ce saƙo zai miƙa, ya dawo yana share gemu da alamar fura.

An sauke ni a shagon ƙofar gidan wani malamin firamare. Ɗaki ne mai tsabta, illarsa ɗaya, ragon maigidan a jikin tagata ake ɗaure shi, kuma rago ne mai ra'ayi a kan komai. Kuskuren da na yi a ranar farko shi ne da aka tambaye ni garinmu na ce Haɗeja. Na manta ƙasar Katsinawa na shigo, abokan wasanmu tun kaka da kakanni. Kafin la'asar duk layin ya ji. Mai shayi ya tambaye ni ko in ya ba ni shayi babu kifi zan iya sha. Matar gidan ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, da saƙon in yi haƙuri, kogi ya yi musu nisa.

Ɗalibaina tara ne, ƙaraminsu ya haifi kamata. Kwanansu a wata rumfar kwano ce bayan tashar manyan motoci, kowa da buhun kayansa a matsayin matashin kai. Wasu gadin motoci suke yi, wasu sai abin da Allah ya kawo. Biyu ne za ku riƙe a wannan labari. Na farko Kofur Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda aikin soja ya kawo shi yankin ya kuma bar shi a can, mai dariya har da ƙwalla. Na biyu Saje Mati, dogo, siriri, wanda ke tafiya kamar har gobe akwai mai duba fareti a bayansa. Gidansa a wani ƙauye yake can bayan Gangara. Rashin zaman lafiya ya watsa ƙauyen, matarsa ta rasu, ya zo Jibiya da niyyar kwana biyu, ga shi shekaru sun wuce. A aji "Malam" yake ce mini. Da mun fito sai in koma "bawana Bahaɗeje".

Ajin wani shago ne da aka sa wa sola, da kwamfutoci uku na tafi-da-gidanka, kyautar wani attajirin Maraɗi. Na zauna a gaban ɗaya don in burge su, na ɗaga kai sama, na buga sallama da sauri. Da na duba sai na ga na rubuta "Qssqlq,u qlqiku,". Kofur Bitrus ya leƙo ya ce, "Malam, wannan wane yare ne?"

Sai a lokacin na dubi madannan da kyau. Kwamfutocin na ƙasar Faransanci ne. Harafin A ya bar inda na san shi ya hau layin sama, Q ya sauko ya gaje masa wuri, W da Z sun yi musaya, M ya ƙaura zuwa gefen L. Na yi gyaran murya na ce musu ba komai, abin da aka rubuta a kan madanni shi ne zai fito, kowa ya duba ya danna. Na wuce wurin ban ƙara tunawa da shi ba.

Takwas daga cikinsu haka suka yi, suna farautar harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Saje Mati kuwa ya ce in karanta masa haruffan layi-layi, daga hagu zuwa dama, yana bin su da yatsa. Na karanta sau uku. Ya ce, "To, na gane. Sahu ukku ne. A shi ne ɗan gaba na hagu a sahun hwarko. Q na bayanshi. M shi ka riƙe ƙarshen sahu na biyu." Daga ranar bai sake kallon madannai ba. Zai zauna ƙirji a buɗe, ido a bango, yana kiran haruffa ƙasa-ƙasa kamar mai ba da oda, yatsunsa na zuwa inda aka aike su. A sati na biyu ya wuce kowa. Na riƙa nuna shi ga duk wanda ya leƙo, ina cewa ga aikina.

Akwai dalilin da ya sa ya dage haka. Wata 'yar kasuwa, Hajiya Baraka, tana da babban sito na hatsi a hanyar kan iyaka, tana neman mai gadin ƙofa wanda zai iya shigar da sunan kowane direba da lambar motarsa da abin da ya ɗauko a kwamfuta. Aikin yana tare da ɗaki a bakin ƙofar, mai rufi, mai ƙyaure. Damina ta matso, rumfar tasha kuwa yoyo take yi, ga Saje da tarin da ba ya sakinsa. Sauran dattawan da kansu suka ce shi ya fi cancanta. Hajiya ta ce a kawo shi ranar Alhamis ta gwada shi.

Muka je mu uku, ni da shi da Kofur Bitrus. Saje ya sa tsohuwar rigarsa da ya goge da dutsen guga na aro. Hajiya mace ce gajera mai kaifin ido, ba ta ɓata magana. Ta nuna masa kwamfutar tebur da ke ɗakin ƙofa, ta ce, "Zamna, Saje. Rubuta: Audu Bala, ya kawo dawa da wake da masara."

Saje ya ɗaga kai, ya kafa wa bango ido, yatsu suka fara aiki. Kafin ta rufe baki ya gama, ya miƙe ya ƙame. Ni ina ta murmushi. Hajiya ta sunkuya ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo gare ni.

"Malam, zo ka karanta mani. Halan karatuna ne ya ƙare."

Na matsa. Ga abin da ke jiki: "Qudu Bqlq, dqzq, zqke, ;qsqrq." Kwamfutar Hajiya irin tamu ce ta Ingilishi. Saje ya aika yatsunsa daidai inda na koya masa, sai dai sojojin da ke wurin ba su ne ya sani ba. Kofur Bitrus ya toshe baki da hula ya fita waje, muna jin shi yana tari na ƙarya.

Na yi wa Hajiya bayani iya iyawata, na ce laifina ne. Ta ce, "Ni ban san laihin wa ba, Malam. Lahadi kasuwa, motoci za su zo tun da sahe. In ya iya, ɗaki nashi ne. In bai iya ba, akwai ɗan ƙanen mijina da ka jira, kuma uwarshi ta hana ni barci." Ta ce ba za a kawo mata kwamfutar aro ba, tata take so a yi aiki da ita.

Da yammar nan na zana masa tsarin madannan Ingilishi a kwali, na ce mu sake daga farko. Muka yi har magariba. Da ya kai kan A sai yatsan ya haura sama da kansa. Daga ƙarshe ya ajiye kwalin ya ce, "Bawana, sojan da ya tsuhwa ba a sake mashi ƙahwar maci cikin kwana ukku." Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Nan ne dabara ta zo mini. Na ce ai abin mai sauƙi ne, mu samo kibod na Faransanci, wato allon madannan da ake jonawa da waya, mu jona a kwamfutar Hajiya. Na zaga Jibiya babu. Aka ce sai Maraɗi. Na san tambayar da ke bakinku: me ya hana ni buga waya in tambayi wani? Wanda ya san bai sani ba shi ke tambaya. Ni kuwa na tabbata na sani.

Ranar Juma'a da hantsi ni da Saje muka hau mota a Magama, bakin iyaka. Ni dai a zatona da an tsallaka iyaka duniya za ta sake launi. Ina! Geron nan dai shi ne, fuskokin su ne, har Hausar ita ce ta Saje. Allunan hanya ne kawai suka sake yare, sai kakin jami'ai. A ɓangarenmu aka duba katinmu muka wuce. A ɓangarensu wani jandarma, wato ɗan sandansu na hanya, ya karɓi katina ya tambayi abin da zai kai mu Maraɗi. Kafin in buɗe baki Saje ya ƙame ya sara masa.

"Za mu tai mu sawo harahin A, ranka shi daɗe."

Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Na yi sauri na ce ni malamin kwamfuta ne, kibod za mu saya.

"To, ashe mushe ne," in ji jandarman, ya miƙo mini katina da hannu biyu. "Sannu, Mushe. Allah shi kiyaye hanya."

Raina ya ɓaci. Ina tsaye da ƙafafuna, na yi wanka, na sa turare, mutum ya dube ni ya ce mini mushe, har sau biyu. Ba don kakin da ke jikinsa ba da mun yi magana. Muna komawa mota na faɗa wa Saje. Ya yi dariya har tarinsa ya tashi, duk motar ta ɗauka. Wata tsohuwa a baya ce ta ji tausayina ta ce, "Ɗana, girmama ka ya yi. Nan haka aka ce ma malamin lakkwal, makaranta ke nan." Wai kalmar Faransanci ce ta girmamawa da bakin Bahaushe ya murɗe. Daga nan har Maraɗi Saje bai sake kirana bawana ba, ya samo mini sabon suna.

Bayan mun wuce garin Ɗan Isa na ga wani babban allo a gefen hanya, na nuna masa na ce, "Baba Saje, kai da ka iya kibod ɗin Faransanci, karanta mana." Wasa nake yi. Ya ƙura wa wajen ido. Can ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Malam, allon ma da ƙyar nike ganinshi. Shekara ukku ke nan rubutu ya zam mani kamar tururuwa ta hwaɗa ruwa. Ka aza don gwaninta nike kallon bango?"

Sai komai ya faɗo mini. Abin da ya sa ya ce in karanta masa haruffa, abin da ya sa ranar Alhamis ya miƙe yana alfahari da rubutun da bai gani ba. Sati biyu da rabi ina yawo da shi ina cewa ga aikina, ban lura ɗalibina ba ya gani ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa, don babu mai ɗaukar mai gadi maras ido. Na ce ba zan faɗa ba.

Mun shiga Maraɗi ana shirin masallaci. Bayan Juma'a muka nufi shagon da aka kwatanta mana kusa da babbar kasuwa, muka tarar da shi a rufe, maƙwabci ya ce mai shagon ta tafi suna, sai gobe. Dole muka kwana. Saje ya kai mu gidan wani fatoma, mai saukar fataken hatsi, wanda ya ba mu tabarma a zaure tare da wasu mutanen Damagaram. Abin da na lura da shi a garin, mutanensa ba sa gaggawa. Shayi ɗaya suka ɗora mana a ɗan mitsitsin buta, aka yi ta ɗaga shi sama ana zubawa ana mayarwa, kusan awa guda, sannan aka miƙo mini abin da bai kai kurɓa uku ba, mai ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na miƙe zan yi godiya, aka ce zauna, na farko ke nan, saura biyu. A Kano da tuni mai shayi ya sallami mutum ashirin. Burodinsu kuma dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa mai tauri. Na gatsa, ya gatse ni a dasashi. Saje ya tsoma nasa a shayi yana kallona, ya ce, "Mushe, wanga ba kihi ba ne, a hankali aka bi shi."

Da safe muka koma shagon. Mai shi Madam Hawa ce, mace mai kimanin shekara arba'in da tabarau a goshi, tana tsakiyar kwamfutoci da aka farke cikinsu. Na gabatar da kaina da duk muƙamaina, na zayyana mata matsalar, na ce kibod na Faransanci muke so. Ta saurara har na gama.

"Daga Jibiya kunka taho don wanga?"

Na ce e.

"Kunka kwana?"

Na ce e.

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko wata kwamfuta ta Ingilishi da wani ɗan Najeriya ya kawo gyara, ta jona mata kibod na Faransanci, ta ce, "Mushe, danna A." Na danna inda aka rubuta A ɓaro-ɓaro. Q ya fito. Na sake dannawa da ƙarfi. Q biyu.

"Na'ura ba ta san abin da anka rubuta bisa madanni ba," in ji ta. "Wuri ta sani. Harshen cikin kanta yake, ba cikin allo ba."

Ta cire kibod ɗin ta ajiye. Ta shiga saitin kwamfutar, ta ƙara Faransanci, ta nuna mini madannai biyu da ake haɗawa a sauya harshe. Duka abin bai kai tsawon alwala ba. Sannan ta juya wa Saje kwamfutar ta ce, "Baba, bismilla." Saje ya ɗaga kai ya buga. Na karanta da ƙarfi: "Audu Bala, dawa, wake, masara." Kowane A yana wurinsa.

Saje ya numfasa. Ya ce, "Wato abin da munka tsallake ƙasa nema, yana can ɗakin Hajiya zamne yana jiranmu."

Madam Hawa ta sa na maimaita matakan sau uku a gabanta kamar ɗan aji ɗaya, na rubuta a takarda. Ta nuna mini yadda ake ƙara girman rubutu, don ita tun shigowarmu ta lura da yadda Saje ya laluba kujera. Da za mu tafi ta ce, "Ku tsaya in ba ku kado." Na ja da baya, don a bakin mutanen nan kado shi ne kada, ni kuwa ɗan bakin kogi ne, na san halinsa. Ashe kyauta take nufi. Ta miƙa wa Saje tsohon kibod ɗin nan ta ce ko ba shi da amfani, kada a ce mun koma hannu rabbana. Ya rungumo shi har Jibiya. A kan iyaka jandarman jiya ya gane mu, ya tambaya ko an samu harafin. Saje ya ɗaga masa kibod ɗin ya ce an samu, har da 'yan'uwansa.

Ranar Lahadi tun da sanyin safiya muna ƙofar sito, dattawan nan takwas sun biyo mu sun jeru a jikin katanga. Motoci uku sun riga sun tsaya. Da na ce wa Hajiya zan taɓa saitin kwamfutarta sai ta haɗe fuska.

"Malam, Alhamis ka ce mani ya iya. Yau kau cikin na'urata za ka shiga?"

Na ce ta ba ni minti biyu, in na ɓata in gyara. Ta ce ta ba ni. Na buɗe takardata, na bi mataki-mataki, na zaɓi Faransanci, na ce Saje ya gwada. Ya buga sunansa. Na duba, na ga ":qti". Wani direba ya danna hon a waje. Hajiya ta dubi agogonta. Na koma na duba jerin da kyau, ashe Faransancin ma iri-iri ne, na je na zaɓo na Kanada, wanda haruffansa ke zaune irin namu. A ƙasan takardata kuwa ga rubutun Madam Hawa da jan biro: na Faransa. Na canza, na ƙara girman rubutu har kowane harafi ya kai ƙwayar dabino, na matsa gefe.

Hajiya ta ce a shigo da direban farko. Saje bai jira ta ba.

"Suna!"

"Lawal Mamman."

"Lamba! Da ƙarhi, ɗaya-ɗaya!"

Direban ya tsinci kansa a ƙame yana karanto lambar motarsa kamar sabon kurtu. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Hajiya ta sunkuya tana bin layukan da yatsa, ta fita ta dubi lambobin motocin, ta dawo. Babu kuskure ko ɗaya. Kofur Bitrus ya leƙo ta taga ya ce, "Madam, ya ci ko bai ci ba? Mu tsofaffi ne, ƙafa yana ciwo."

Hajiya ta kwance makulli daga bakin gyalenta. Saje bai miƙa hannu ba. Ya miƙe tsaye ya ce, "Hajiya, kahin ki ba ni, akwai magana. Idona ba shi gani sosai. Rubutun ga da ka, da hannu na yi shi, ba da ido ba. Ban so in ci amanarki."

Duk wahalar nan, ga shi da bakinsa zai zubar. Hajiya ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Saje, ka aza ban sani ba? Ran Alhamis da kunka shigo, buhun gero ka hwara sara mawa kahin ka gano inda nike. Masu ido biyu lahiya lau sun yi gadin ƙohwar ga, sun gani sun yi shiru. Amshi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ɗakin yana nan jikin na kwamfutar, ƙarami ne, taga ɗaya, daɓen siminti, ƙusa biyu a bango. Ya buɗe da kansa, sai da ya lalubi ramin kwaɗon sau biyu, babu wanda ya yi gigin taya shi. Muka shiga ni da shi da Kofur Bitrus. Ya ajiye buhun kayansa a kusurwa, ya shafa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi ya daɗe. Ina shirin yi masa barka sai ya juyo.

"Ku hita."

Na ce, "Baba Saje, lafiya?"

"Ku hita waje, na ce. Ku ja ƙyaure. Sannan ku yi sallama."

Muka fita, na ja ƙyauren. Kofur Bitrus, wanda tun da na san shi bakinsa bai taɓa rufuwa ba, ya cire hula ya riƙe ta a ƙirji. A rumfar tasha babu inda mutum zai tsaya ya yi wa wani sallama, kowa faɗowa kawai yake yi. Na gyara murya na ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Na sake yi.

Can muka ji muryarsa daga ciki. "Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Ni ne, Malam Sabo."

"Bahaɗejen nan?"

"Shi ne."

"To, jira. Maigidan na zuwa."

Ya bar mu a tsaye cikin rana, ga motocin kasuwa na ta hon a bayanmu. Na sha jira a ƙofofin manya a rayuwata ina ƙunƙuni, amma wannan jiran da daɗi na yi shi, idona cike da ƙwalla. Sai da ya ga dama, sannan muka ji ya taso yana jan takalmi a hankali, ya buɗe ƙyauren ya ce mu shigo.